Ishaya, Mi Ka Tura wa Bulus?

Rabah,
Ranar Talata.

Zuwa ga ɗana Ishaya,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kana ci kana sha, ruwan garin da anka tura ka bautar ƙasa bai ɓata maka ciki ba. Na gode wa Allah da ya sauke ka lafiya bayan wannan doguwar tafiya, ina kuma roƙonsa shi tsare ka a ɗaki da kan hanya.

Ga gidan sauronka nan cikin ƙullin da na ba direba, wanda ka bari kan igiya bayan na yi ta faɗa har bakina ya gaji. Na sa yaji da kuka da daddawa. Amma ba don gidan sauro na zauna rubutu ba, ba kuma labarin gari zan ba ka ba. Raina a ɓace yake. Na san in na kira ka a waya za ka yi ta “to Mama, to Mama” kana danne-danne da ɗayan hannun, shi ya sa na ɗauki biro.

Ishaya, mi ka tura wa Bulus?

Ka san halin da gidansu ke ciki. Tun da 'yan bindiga sunka tare hanya sunka tafi da babansa, Malam Yohanna, yana dawowa daga makarantar da yake koyarwa wajen Maikujera, ba wanda ya ci abincin kirki a gidan nan. Ranar Lahadi bayan sujada na biya in gaishe su. Na iske Bulus zaune a bakin ƙofa. Ya durƙusa ya gaishe ni, na tambaye shi ko ya ji daga wurinka. Sai ya miƙo mini wayarsa. Na gyara tabarau na duba. Hoton jan fure, da hannuwa biyu a haɗe, a ƙasa an rubuta: “'Yar'uwa, wannan makon naki ne! Rubuta Amin, ki tura wa wasu, ki ga abin mamaki.”

'Yar'uwa! Bulus da gemunsa! Bulus da kunka tashi tare, kunka ci a kwano ɗaya, wanda ya goya ka daga bakin rafi har gida ranar da kwalba ta yanke ka. Ubansa yana hannun mutanen daji, abin da ya samu daga amininsa ke nan.

Ka san abin da ya ce? Ya ce, “Mama, ina jin kuskure ya yi. Wata ya so tura wa.” Kare ka yake yi. Na ce, “Bulus, ba kuskure ba ne, sakarci ne, kuma ni na haife shi.”

Na dawo gida da niyyar in wanke ka tas. Amma da na zauna sai na tuna inda ka gado abin. Ba don in rage maka laifi zan faɗa maka nawa ba. Don ka san cewa hanyar da ka ɗauka na bi ta, na ga inda take ɓullewa.

Goronyo anka fara tura ni aikin jinya, ban daɗe da auren babanka ba, kai ko cikinka ban ɗauka ba. Mu biyu ne masu bi cikin ma'aikatan ƙaramin asibitin, ni da wata ungozoma 'yar kudancin Kaduna, sunanta Saratu. Ɗakinmu jikin juna yake, tukunyarmu kusan ɗaya. Ita ta koya mini yadda ake lallashin matan ƙauye su yarda a duba su. Matan ƙauyen Rimawa da yawa a hannunta sunka haihu, amma ita nata cikin ba ya zama. Ya zube, ya sake zubewa. Na ƙarshe ya kai watan haihuwa, naƙuda ta yi gardama, babanka Malam Dauda ne ya ruga ya nemo mota anka kai ta Sakkwato. An ciro ɗa namiji, bai zo da rai ba. Mijinta ya kai ta wurin iyayenta ta huta.

Ni kuwa lokacin ba a daɗe da ba ni jagorancin addu'a a zumuntar mata ba, ina ji da kaina. Na zauna na cika takarda gaba da baya. Na jera mata ayoyi kamar mai shanyar tattasai. Na ce yawan kuka rashin bangaskiya ne. Na ce Allah ba ya kuskure. Har na ce ta binciki zuciyarta ko akwai abin da ke tsakaninta da Mahaliccinta. Ban ambaci jaririn ba. Ban ce ɗakin nan ya yi mini faɗi da ba ta nan ba, alhali gaskiyar da ke raina ke nan. Na ba babanka ya karanta ina jiran yabo. Ya karanta, ya ninke, ya ce, “Hannatu, wannan gaisuwa ce ko wa'azi?”

Na ce, “Kai dai ka kai tasha.”

Ya kai. Saratu ba ta amsa ba. Ta nemi a canza mata wurin aiki, ƙanenta ya zo ya kwashe kayanta. Ni kuma na yi ta gunaguni wai ba ta da godiya.

To ka ji. Duk abin da na rubuta game da Allah ba ƙarya ba ne, amma ba Saratu na rubuta wa ba. Da za a goge sunanta a sa na wata, takardar ba za ta canza ba ko kaɗan. Abin da ka yi ke nan, sai dai ni na wahala da biro, kai ko wahalar karantawa ba ka yi ba. In za ka ƙarfafa mutum da rubutu, ka fara kawo fuskarsa gabanka. Ka kira shi da sunansa. Ka ambaci abin da ya same shi, kada ka yi ta kewaye kamar abin kunya ne. In aya za ka sa, ka sa wadda ta taɓa riƙe ka kai kanka, guda ɗaya ta isa. Kuma kada ka taɓa zama lauyan Allah a gaban mai kuka. Bai ɗauke ka wannan aikin ba.

Daga Goronyo anka maida ni Wurno, can ka fara tafiya. A can na koyi wata mummunar ɗabi'a. Duk wanda ya gaya mini damuwarsa sai in ce, “Ina yi maka addu'a,” in wuce. Maganar ta zame mini kamar “sai an jima.” Bakina na faɗi, ƙafata na tafiya.

Akwai wani tsoho, Baba Mamman, manomin albasa da tafarnuwa, da ke zuwa ina wanke masa gyambo a ƙafa. Musulmi ne, mai barkwanci, in yana ɗakin ba mai yin shiru. Kullum in na gama ɗaure masa sai in ce, “Baba, ina yi maka addu'a.” Shi kuma ya ce, “Allah shi yi miki albarka, ɗiyata.” Wata rana na faɗa kamar kullum, na juya zan kira na gaba, sai ya ce, “Malama, dakata. Kullum kina ce min kina yi min addu'a, na gode ƙwarai. Amma mi kika roƙa min? Ina son in ji, kada ke ki ja gabas ni in ja yamma.”

Ishaya, ban taɓa ambaton sunan bawan Allahn nan a gaban Ubangiji ba. Na yi ta gyara almakashi a faranti, na ce, “Lafiyar ƙafarka mana, Baba.”

Ya yi dariya ya ce, “Ƙahwa? Ƙahwa ta tsuhwa, ta yi aikinta. Ɗana Sa'adu shi ad damuwata. Tun da yat tahi haƙar zinari ba mu ji duriyatai ba. Uwatai ba ta ci ba ta sha. In za ki roƙa, shi za ki roƙa min.”

Ina taɓa ƙafar mutumin nan tun farkon rani, ban san yana da ɗa da ya ɓace ba, don ban taɓa tambaya ba. Da ya fita na shiga ɗakin ajiyar magani, na rufe ƙofa, na roƙi gafara, sannan na kira sunan Sa'adu. Na ci gaba da kira kullum. Bayan damina yaron ya dawo, a rame, ba zinari ba dalilinsa, amma da ransa. Ba na cewa addu'ata ce ta dawo da shi, uwarsa ta riga ni kuma ta fi ni naci. Baba Mamman ya aiko mini da tafarnuwar da ta sa gidanmu wari har babanka ya yi barazanar komawa makarantar da yake koyarwa da kwana.

Waɗannan hannuwan da ka tura wa Bulus, ka haɗa naka kuwa? Ka faɗa mini gaskiya. Ko ka danna ne kana tafiya, kana dariya da sababbin abokai? In ka ce wa mutum za ka yi masa addu'a, alkawari ka ɗauka, kuma da sunan Allah ka ɗauke shi. Ka yi ta nan take kafin ka aje wayar, ko a tsaye kake. In ba ka san abin da za ka roƙa ba, ka tambaye shi. Ba kullum abin da kake gani ne ke cin mutum ba. Bulus bai ce da ni yana tsoro ba. Abin da ya ce shi ne babansa bai tafi da maganin hawan jininsa ba. Ka san wannan? Ba ka sani ba, don ba ka tambaya ba.

Kuskurena na uku gajere ne, amma shi ya fi shafar abin da kuke yi yanzu. Bayan mun dawo nan Rabah, wata baiwar Allah a cocinmu ta ja ni gefe ta gaya mini mijinta ya koma shan giya, yana dawowa yana zaginta gaban yara. Ni kaɗai ta gaya wa. Ranar taron mata na miƙe na ce, “'Yan'uwa, mu sa gidan wance cikin addu'a,” na zayyana komi. Mun yi addu'a da hawaye, ba ƙarya. Kafin kasuwa ta ci, mai kayan miya ma ya san labarin. Mijin ya hana ta zuwa coci, ita kuma in ta hango ni sai ta canza hanya, har anka ɗauke su daga garin. Gulma na yi, na yafa mata mayafin addu'a.

Na ji an ce kun sa hoton Malam Yohanna a zaurenku na matasa a waya, kowa yana rubuta abin da ya ji. Wani ya ce an gan shi wuri kaza, wani ya ce yana da ɗan'uwa soja, wani ya ce dangi suna da hali. Kun haukace ne? Kun san inda maganar nan za ta tsaya? Kuna tsammanin mutanen da sunka riƙe shi ba su da waya, ba su da kunnuwa cikin gari? An ce kai ne ɗaya daga cikin masu kula da zauren. Ka goge, ka kuma gaya musu su rufe baki. Wanda ke son yin addu'a ya yi, Allah ya san Malam Yohanna ba sai an nuna masa hoto ba. Abin da mutum bai ba ka izinin faɗi ba, tsakaninka da Allah kaɗai za ka faɗe shi.

Yanzu bari in gaya maka takardar da ta fi kowace daraja da na taɓa samu. Lokacin da babanka ya rasu kana ƙaramar sakandare. Ka tuna yadda gida ya cika. An yi mini wa'azi har kunnena ya toshe, kowa na gaya mini dalilin da ya sa Allah ya yi haka, ni kuwa ina gyaɗa kai ina jin kamar in tashi in bar musu gidan. Sannan na ɗanɗana abin da na ɗura wa wata. Bayan mutane sun watse, wani direba ya kawo mini ambulan. Ina ganin rubutun na gane hannun. Saratu ce, bayan duk shekarun nan. Rabin shafi ne, na haddace shi:

“Hannatu, na ji. Ban manta Malam Dauda yana gudu cikin rana yana nema mini mota ba, takalminsa ɗaya ya tsinke bai tsaya ba. Mutumin kirki ne, kuma kin yi rashi. Ba ni da abin da zan ce miki da zai rage shi. Kullum da safe in na ɗora ruwan kunu ina kiran sunanki da na yaronki a gaban Ubangiji. Ki ci abinci ko ba ki so.”

Shi ke nan. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban samu yi ba tun ranar jana'iza, sannan na tashi na dafa mana shinkafa. Ni ban ma san labarin takalmin ba. Ta ba ni wani abu na mijina da ba ni da shi.

Kana tsammanin na amsa? Ban amsa ba. Na so in rubuta mata amsar da za ta wanke tsohon laifina, kyakkyawa, wadda ba gyara. In fara in yage, in ce sai na natsu. Kirsimeti ya zo ya wuce, wani ya zo. Daga baya na samu lambar wayarta, na ce a'a, irin wannan magana ba ta waya ba ce. Sai da bikin wata 'yar abokiyar aikinmu ya kai ni garin su Saratu na nemi gidanta. Na iske ta a kujera, ɓarin jikinta ya shanye, magana ba ta fita, karatu kuma ya gagare ta. Ƙanwarta ta ce mini, “Ke ce Hannatu? Da can in ta ji wani ya zo daga wajen Sakkwato sai ta tambaya ko an ba shi saƙo.”

Na durƙusa gabanta na faɗi duk abin da ya kamata in rubuta, ba tsari, ina majina. Ta daɗe tana kallona. Sai ta ɗaga hannun da ke aiki ta ɗaka mini duka a kafaɗa, sannan ta riƙe mini zane ta ƙi saki har anka kawo abinci. Har yau ban san ko dukan na yafiya ba ne ko na haushi. Ina jin duka biyun ne.

Saboda haka kada ka ce mini kana neman kalmomin da sunka dace. Babu su. Na neme su shekara da shekaru. Ranar da takardar nan ta shiga hannunka ka zauna ka rubuta wa Bulus, a takarda ko a waya, ba ruwana, muddin daga kanka ya fito. Ka ba shi haƙuri a layi ɗaya, kada ka cika shi da bayanin kanka. Ka tuna masa wani abu na babansa da kai ka sani, ai ba ka rasa ba, mutumin da ya zauna da kai a zaurensa yana koya maka lissafi lokacin da kowa ya ce ba ka da kai. Kada ka yi masa alkawarin cewa gobe ko jibi za a sako shi. Ba ka sani ba, ni ma ban sani ba, fasto ma bai sani ba. Muna roƙo ne, muna sa rai. Ka rubuta abin da zai tsaya ko mi ya faru: cewa kana tare da shi, kana kiran sunan babansa gaban Allah, kuma za ka sake rubutowa. Sannan ka sake ɗin. Yanzu gidan cike yake da masu jaje, amma mutane suna gajiya da wuri, kai kada ka gaji. Ka sa gaisuwa daban ga mamansa, ka kira ta Mama yadda ka saba.

Can inda kake ma ka buɗe ido. Za ka zauna da yara irinka da sunka baro gida, wani zai yi ciwo, wani za a yi masa rasuwa yana nesa, wani ba zai ce komi ba sai dai ka ga ya daina fitowa. Mai bi ne ko Musulmi ko wanda ba ka san abin da yake bi ba, ka taka ka je. In ba ka iya zuwa, ka rubuta.

Hannuna ya gaji, kuma faɗan ya ishe ni haka. Saura magana ɗaya, ita ba nasiha ba ce. Jiya na tuƙa tuwo, sai da na kwashe na ga na mutum biyu na yi. Na ɗauki kwanonka na zuba, har na buɗe baki zan ƙwala maka kira. Na zauna na dube shi har ya huce, sannan na kai wa maƙwabta. Gidan nan ya yi shiru, Ishaya. In ka gama da Bulus, ni ma ka rubuto mini. Ko ba daɗi, ko da kuskure. Ka gaya mini yadda ɗakinka yake da abin da kake ci, da ko akwai wanda ke tambayarka in ba ka fito ba.

Ubangiji shi tsare ka daga mugun mutum da mugun ciwo da haɗarin hanya. Shi ba ka abokan kirki, shi sa ka zama na kirki gare su. Shi buɗe wa Malam Yohanna hanya zuwa ga iyalinsa, shi riƙe Bulus da mamansa har ranar. Shi dawo mini da kai lafiya, in gan ka da idona. Amin.

Ni ce mahaifiyarka,
Hannatu.